Zauren Masu Kwamfuta na Abuja: a ɗora Ubuntu na gwaji ko a jira?

Ɗaliba daga Gwagwalada: Salamu alaikum iyayena da yayyena. HP EliteBook 840 G3 gare ni, 'yar gwanjo. Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025 hankalina bai kwanta ba, kuma Windows 11 ta ƙi hawa. Na ga an saki beta, wato fitowar gwaji, na Ubuntu 26.04, tsarin Linux da ake ɗorawa a madadin Windows. In ɗora?

Injiniyan Banex: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ƙin hawan ba lalacewa ba ce. Windows 11 tana neman TPM 2.0, wato wani guntun tsaro a cikin kwamfuta, da furosesar Intel daga ƙarni na 8 zuwa sama, taki kuwa ta ƙarni na 6 ce. Ubuntu zai zauna mata lafiya. Amma kada ki taɓa hadis ɗinki, wato hard disk ɗin da ke ajiye bayananki, tukuna. Sami filashi mai giga 8 ko fiye, ki zuba fayil ɗin Ubuntu a kai da manhajar Rufus ko Ventoy, ki kunna kwamfutar kina danna F9, ki zaɓi filashin. Zai ba ki zaɓin gwadawa ba tare da ɗorawa ba. A nan za ki san gaskiyar na'urarki.

Ɗaliba daga Gwagwalada: Yaya, me da me zan duba?

Injiniyan Banex: Wi-Fi da farko. Idan katin Intel ne yawanci yana kamawa nan take. Na Broadcom ne kan nemi a sauko masa da direba, wato manhajar da ke sa shi aiki, to ki tanadi wayarki da kebul don ba shi intanet. Sai sauti, makirfo, kyamara, Bluetooth, maɓallan ƙara haske. Abin da mutane ke mantawa shi ne barci: rufe murfin, ki ba shi minti biyar, ki buɗe. In allon ya tashi baƙi, matsala ce da za ta riƙa cin ranki kullum.

Hajiya mai shagon buga takardu, Kubwa: 'Yata, ki jona firinta ma. Ni tsohuwar firintar shagona ba ta taɓa amsawa ba sai da aka yi ta fama da direba, ga kwastomomi a tsaye. Shi ya sa kwamfutar da nake cin abinci da ita ba na yarda a yi gwaji a kanta. Ke ma in aikin furojet ɗinki na ciki, ki bar beta ya bar ki.

Malamin Nyanya: Hajiya ta faɗi gaskiya. Beta an fitar da shi ne domin a gano kurakurai a kai rahoto, kuma makonni kaɗan ne tsakaninsa da cikakken da ke fitowa a Afrilu. Sabuntawa kuma kusan kullum, ga tsadar data. Ni da Ubuntu 24.04 zan ba ki shawara, ya riga ya nuna, kuma ana kula da shi shekara biyar, har 2029.

Injiniyan Banex: Malam, ban ƙi taka ba, amma gwaji a filashi ba ya cutar da kowa. Kuma tun 25.10 Ubuntu ya ajiye Xorg, tsohon tsarin nuna hoto a allo, a tebur ɗinsa na GNOME ya koma sabon, Wayland, kaɗai, gara mutum ya gani da wuri ko raba allo a Zoom yana yi masa aiki. Masu katin hoto na Nvidia su ne ya kamata su fi sa ido a nan.

Wani ɗan hidimar ƙasa, Lugbe: Ƙarin bayani ranku ya daɗe: mai son ajiye Windows a gefe ya fara adana makullin BitLocker, wanda Windows ke kulle hadis da shi, ya kashe Fast Startup a saitin Windows. Idan manhajar ɗora Ubuntu ba ta ga hadis ba, a leƙa BIOS, wato saitin kwamfutar na farko, sau da yawa saitin hadis ɗin yana kan RST ne maimakon AHCI. Kuma a cika batir kafin a fara, kar a ɗauke wuta ana tsaka da raba hadis.

Ɗaliba daga Gwagwalada: Allah ya saka da alheri. Zan kwashe takarduna yau, in gwada su biyun a filashi. Yaya Injiniya, Ventoy zai ɗauke su tare?

Injiniyan Banex: Zai ɗauka, amma nemi mai giga 16. Ki turo mana abin da umarnin lspci, mai jero kayan cikin kwamfuta, ya nuna, mu ga katin Wi-Fi ɗin.