Shafin shagon yadi ya ƙi kwanta mini a rai, ku taimaka da shawara

Nura: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina haɗa wa kawuna shafin intanet na shagonsa a Kantin Kwari, atamfa da shadda da leshi yake sayarwa. Na sauke samfurin shafi na kyauta a WordPress, manhajar gina shafukan intanet, na zuba hotuna da farashi, komai yana aiki. Amma duk buɗewar da na yi sai in ji kamar an zube kaya a tsakar gida. Ga hoton allo nan guda uku na turo. Don Allah wanda ya ga inda matsalar take ya faɗa mini, ba zan ji haushi ba.

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Nura, ka yi ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Kafin kowa ya ce ka ƙara wani abu, ni rage kaya zan ce ka yi. Na ƙirga launi shida a shafin farko kaɗai: ja, kore, ruwan gwal, shuɗi, ruwan hoda da baƙi. Kai kuwa yadi kake tallatawa, kayan da kansu launi ne. Idan bango yana kururuwa, atamfa tana kururuwa, ido bai san inda zai sauka ba. Ka bar bangon fari ko ruwan madara, rubutu baƙi, sannan launi ɗaya tak ga madannai. Ka lura da yadda masu shago ke shimfiɗa farin ƙyalle kafin su warware leshi a gaban mai saye, to haka shafin yake so.

Anti Rabi: Na goyi bayan Malam. Ni abin da ya fi damuna shi ne farashin da ka rubuta da ruwan gwal a kan fari. A ɗaki ma sai da na matso da wayar, balle mai saye da ke tsaye cikin rana. Akwai ma'auni a WCAG, ƙa'idojin sauƙaƙa wa kowa amfani da shafukan intanet: bambancin haske tsakanin rubutu da bango kada ya gaza 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, 3 bisa 1 ga manyan haruffa. Ruwan gwal mai haske a kan fari bai kai 2 ba. Je ka shafin WebAIM, suna da wurin gwaji, ka zuba lambar launukan biyu nan take ya faɗa maka. Ruwan tokan nan da ka sa wa bayanin kaya ma ya yi haske da yawa. A kan fari, kada ka sa toka da ta fi #767676 haske.

Nura: Na gode Anti. Wallahi kawu ne ya nace da ruwan gwal ɗin, ya ce launin shagon ke nan.

Anti Rabi: To ba sai ka jefar da shi ba, ƙanena. Ka sa shi a siririn layi ƙarƙashin sunan shago, ko ka mai da goshin shafin baƙi ka ɗora gwal ɗin a kai, zai fito har ya fi yanzu. Kawu ya samu launinsa, mai saye ya ga farashi.

Ibro na Maraɗi: Salamu alaikum. Ni haruffan na duba. Nura, kalli hoto na biyu, inda ka rubuta "ɗinki" da "ƙarami". Ka ga ɗ da ƙ sun fi sauran siranta, kamar ba 'yan gida ba ne a cikin kalmar? Salon rubutun samfurin ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa, shi ya sa burauza ke aro su daga wani salon ta cusa. Wannan kaɗai yana sa shafi ya yi kama da aikin gaggawa, ko da mutum bai gane dalili ba. Kuma a kula, samun ƙ a salo ba ya nufin akwai ɗ da ɓ, domin a Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lamba a kwamfuta, ba rukuni ɗaya suke ba: ƙ da ƴ suna wani rukuni, ƙananan ɗ da ɓ suna rukunin haruffan ilimin furuci. Sau da yawa na ga salo mai ɗaya ba ɗaya.

Abin da nake yi shi ne in shiga Google Fonts in rubuta "Ɓaure ɗaya ƙwai ƴaƴa Ɗanladi Ƙaura" a wurin gwaji, manya da ƙanana, in duba da idona. Noto Sans yana da su duka. Andika da Charis na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ma haka, don dama harsuna irin namu aka yi su. Ku a Najeriya 'y kuke rubutawa, mu a Nijar ƴ, to idan kawu yana da masu saye ta wajenmu, gara salon ya ɗauki duka biyun. Ka kuma tabbata a saman kod ɗin an sa lang="ha", don burauza ta san shafin da Hausa yake.

Malam Sani: Ibro ya taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. In ƙara da cewa salon rubutu huɗu na gani a shafin. Biyu sun isa, ɗaya ma ya isa idan ka bambanta da kauri da girma. Jikin rubutu kada ya gaza fiksel 16, tazarar layi kuma kamar 1.5. Shafin "Game da mu" a kwamfuta layinsa ya miƙe daga bango zuwa bango, har mutum ya ɓata kafin ya dawo layi na gaba. Masu tsara littafi sun daɗe da tsayawa a kan haruffa 45 zuwa 75 a layi. Ka sa max-width: 65ch a kan sakin layin, magana ta ƙare.

Bashir: Ni kam ban yarda a cire komai da komai ba. Hotunan nan masu zamewa a saman shafi su ne ke burge masu shago. Duk wanda na yi wa aiki ba tare da su ba sai ya ce shafin a mace yake, ya ƙi cika mini kuɗi sai na mayar.

Yaya Hadiza: Bashir, gaskiya ne suna so, na sha fama da haka. Amma mai shago a kwamfutarka yake gani, a ofishinka, da intanet mai ƙarfi. Mai saye kuwa tana Gusau ko Azare da Tecno ko Itel, datarta ta kusa ƙarewa. Na buɗe shafin Nura yanzu a wayata, hotuna biyar ne ke zamewa, na farkon kaɗai ya haura megabait 4, kai tsaye daga kyamara. Na zauna ina kallon farin allo. Mizanin Google shi ne babban abin da ke saman shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Ni yanzu ba na gardama da mai shago, wayarsa nake karɓa in kashe waifai in ce ya buɗe da kansa. Bai taɓa kai ni ga dogon bayani ba.

Nura, ka zaɓi hoto ɗaya mai kyau, sunan shago, jimla ɗaya, da madannin WhatsApp. Sauran hotunan ka bi da su ta Squoosh, shafin rage nauyin hoto, ka mai da su WebP, nau'in hoto mara nauyi, faɗin fiksel 800 ya wadaci hoton kaya. Waɗanda ke ƙasa ka sa musu loading="lazy" don kada su sauka sai an gangaro, amma ban da na saman. Bayan nan ka gwada a PageSpeed Insights, wurin auna saurin shafi na Google, ɓangaren waya za ka duba.

Bashir: Dabarar wayar nan ta shige ni, Yaya. Zan gwada a kan wani Alhaji da muke ja da shi tun makon jiya.

Yaya Hadiza: Wani abu kuma da kod ba zai gyara ba: yadda aka ɗauki hotunan. Wani a tsaye, wani a kwance, wani da ƙafar yaron shago a gefe, wani a ƙarƙashin farin ƙwan lantarki har shadda mai ruwan sararin sama ta koma toka. Ka ware safiya ɗaya, ka fito da benci bakin ƙofa inda haske ke shigowa ba rana kai tsaye ba, ka shimfiɗa farin yadi, ka ninke kowane turmi ninki iri ɗaya, ka ɗauka daga tsayi ɗaya. Kowane kaya hoto biyu, ɗaya na turmin gaba ɗaya, ɗaya kuma kusa sosai yadda za a ga saƙar da ƙyallin. Mace ba ta sayen leshi sai ta ga idon zaren.

Malam Sani: Idan hotunan suka daidaita, jera su ba wuya. Katunan kayanka yanzu wani dogo wani gajere, shi ya sa layin ke karkacewa. Ka ba hotunan aspect-ratio: 4/5 da object-fit: cover, ka jera katunan da CSS Grid, tsarin jera abubuwa layi-layi a kod ɗin kwalliyar shafi (CSS), wanda manyan burauza suka karɓa tun 2017. Biyu a layi a waya, huɗu a kwamfuta. Tazara kuma ka daina sa ta da ka. Na ga fiksel 13 a nan, 22 a can, 7 a wani wuri. Riƙe 8, 16, 24, 32 kawai. Abin da ke tare, kamar sunan atamfa da farashinta, su matso juna. Tsakanin sashe da sashe ka buɗe fili sosai, kada ka ji tsoron wurin da babu komai.

Ibro na Maraɗi: Kar a manta yatsa. Madannin "Saya" ɗinka ƙanƙane ne kuma yana manne da na "Koma". Google na ba da shawarar girman madanni ya kai fiksel 48, Apple 44, ka zaɓi ɗaya ka bar sarari tsakaninsu. A Chrome danna F12 ka buɗe kayan gwajin shafi, ka sa faɗin allo fiksel 360 irin na waya, a nan za ka fara gyara kafin ka waiwayi babban allo.

Anti Rabi: Kuma don Allah kada ka yi gyaran nan a cikin fayilolin samfurin kai tsaye. Ranar da aka sabunta shi, duk wahalarka ta tafi. Ya taɓa faruwa da ni a shafin wata makaranta, aikin kwana huɗu na wayi gari babu. Ka buɗe ƙaramin samfuri mai gadon babban (child theme), ko ka zuba CSS ɗinka a akwatin ƙarin CSS da WordPress ya tanada.

Nura: Jama'a na dawo, Allah ya saka da alheri. Jiya da daddare na cire masu zamewar, na bar launi ɗaya, na koma Noto Sans, na gyara tazara. Da safen nan na ɗauki hoton turmi goma sha biyu a bakin ƙofa kamar yadda Yaya Hadiza ta ce. Kawu ya buɗe a wayarsa, ya daɗe yana jan allon sama da ƙasa, sai ya kira maƙwabcinsa ya nuna masa shaddar. Ga sabon hoton allo. Saura gindin shafin, har yanzu adireshi da lambar waya da lokutan buɗe shago a cakuɗe suke.

Malam Sani: Ma sha Allah, ya fito. Gindin ka raba shi uku a kwamfuta, a waya su hau kan juna, lambar waya ta zo farko kuma ta zama abin dannawa. Turo in gani bayan la'asar.