Wa ya taɓa tsirar da irin gora a cikin jel mai shan ruwa?

Maigandu, Zariya

Salamu alaikum. Ina neman waɗanda suka taɓa tsirar da irin gora a cikin jel ɗin nan da ake jiƙawa ya kumbura. Kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa, ba wanda ya kalla a bidiyo ba. Wani abokin aikina ne ya dawo daga karatu a Indiya ya kawo mini ƙunshin iri, an rubuta Dendrocalamus strictus a jiki, haɗe da 'yar ledar garin jel. Akwai kwarin da ruwa ya haƙa da ke cin bakin gonarmu duk damina, shi nake son in tare da gora.

Irin kamar shinkafa shanshera yake, da ɓawonsa. Na jiƙa shi ya kwana, na kwaɓa jel a roba biyu masu murfi. A ta farko na barbaɗa irin a sama, na ɗan danna da yatsa. A ta biyu na tura shi can ciki don in ga bambanci. Cikin mako na biyu na sama suka fara fashewa. Farar saiwa siririya ce ke fara fitowa, ta doshi ƙasa, kana hango ta tar ta jikin robar, daga baya wani koren tsini ya ɗago kai. Na cikin ta biyu kuwa kumbura kawai suka yi suka yi baƙi, ina buɗe murfin wani tsami ya bugi hancina. Yaushe ake cire su daga jel ɗin? Kuma kwalliya tana biyan kuɗin sabulu kuwa?

Uwar Biyu, Kano

Wa alaikumus salam, Malam. Ni dai ban ji da daɗi ba. Nawa ba gari ba ne, ƙwallayen nan ne masu launi da ake zubawa a kwalbar furanni, irin kuma ta intanet na saya. Ko mako bai rufa ba wata farar fumfuna ta fito daga bakin ɓawon, ta bi ƙwallayen ta lulluɓe komai. 'Yan biyun da suka yi yunƙurin tsira su ma ta gindi suka ruɓe.

Amma ba wannan ne ya sa na kawar da su ba. Autana na tarar ya ɗauki ɗaya zai kai baki, a ganinsa alawa ce. Abu ne da yake ƙara kumbura muddin ya samu ruwa, in yaro ya haɗiye yana iya toshe masa hanji. Masu ƙananan yara don Allah a kula.

Malamin Kimiyya, Katsina

Allah ya kiyaye gaba, Hajiya. Abin da ya same ku ku biyun duk yana da dalili.

Jel ɗin ba iri ɗaya ba ne, ko da yake ido ba ya rabewa. Na cikin kunzugun yara na zamani da yawancin ƙwallayen ado da sodiyam ake haɗa shi, wato sinadarin da ke cikin gishirin miya, saiwa kuwa ba ta shiri da shi in ya yi yawa. Na noma da fotashiyam ake yi. Duba jikin ledar, in ka ga an rubuta potassium polyacrylate to shi ne. Masu yinsa kan ce yana shan ruwa ninkin nauyinsa 200 zuwa 400, amma da tataccen ruwa suka yi wannan lissafin. Ina nuna wa ɗalibaina a aji: ka cika kofi da jel ya kumbura tim, ka barbaɗa masa gishiri rabin cokalin shayi, ka juya. Kafin ka gama goge allo ya saki ruwansa, ya koma tsululu.

Shi kuma iri numfashi yake yi. Yana son laima, yana son ɗumi, yana kuma son iska. Jel ɗin da aka cika wa ruwa har ya haɗe babu ƙofar da iska za ta bi, shi ya sa na Malam Maigandu da aka tura ciki suka shaƙe. Ni in na jiƙa nawa a rariya nake juye shi ya tsane sosai, sai ya zama warwar, sannan in ɗora irin a sama. Fumfuna kuma galibi a jikin ɓawo take zuwa, ba daga jel ba. Nakan wanke irin da bilic, kashi 1 cikin ruwa kashi 9, na kamar minti 5, in ɗauraye shi sosai, kullum kuma in buɗe murfin ya sha iska.

Batun cirewa: babu abinci ko kaɗan a cikin jel. Tsiron yana rayuwa ne da guzurin da ke cikin ƙwayar. Da ganye na biyu ya buɗe, a mai da shi ƙasa.

Baban Lambu, Kafanchan

Ku yaran zamani kuna da son abin da ya fito daga leda. Tun kafin a haifi wasunku nake renon itatuwa, ban taɓa rasa yashin rafi da buntun shinkafa ba. Ka haɗa su, ka baza irin, ka rufe da ɗan yashi shafe-shafe, ka ajiye a inuwa kana yayyafa ruwa safe da yamma. In irin na da rai zai fito. Jel ba ya sa mataccen iri ya tsira, kuma mai rai ba ya jiran jel. Abu ɗaya na yarda ya fi yashi da shi: kana ganin saiwa ba sai ka tona ba. To sai me?

Ku kuma sani yawancin gorar da kuke gani a ƙasar nan ba da iri aka shuka ta ba. Babbar nan ta kudu, kore ko rawaya mai ratsin kore, ban taɓa ganin irinta ba, ban kuma ga wanda ya gani ba. Kara ake yankowa mai gaɓa biyu, a huda tsakani, a ɗura ruwa, a toshe, a kwantar a rami farkon damina, sai toho ya fito ta gaɓoɓin. Tamu ta daji mai cikakken ciki ita ce ba ta cika kamawa ta haka ba, sai ka haƙo gindi da saiwarsa.

Inda nake amfani da jel ɗin shi ne in zan aika dashe nesa. Sai in dama shi da ruwa-ruwa, in tsoma saiwoyin, in naɗe da jiƙaƙƙen buhu. Ko mota ta kwana a hanya ba sa yaushi.

Ɗan Maraɗi

Baba, a yi mana afuwa, ku kuna da ruwa. Mu nan ƙasarmu jigawa ce, ka zuba ruwa a ledar dashe kafin ka juya ya tsiyaye. A wurinmu amfanin jel ba wajen tsira yake ba, a cikin ƙasar leda yake. Da bazara ledojin da babu jel safe da yamma nake ba su ruwa, masu jel kuwa sau ɗaya ya ishe su, wani lokaci har in tsallake yini.

Sai dai maganar Malam gaskiya ce. Rijiyarmu tana da zartsi. Jel ɗin da na jiƙa da ruwan sama ya cika bokiti, wanda na jiƙa da na rijiya, awo ɗaya, da ƙyar ya kai rabi. Takin zamani ma haka yake yi masa, in ka narka NPK ka zuba sai ka ga ƙasar ledar ta lotsa.

Kada kuma a cuɗa shi a bushe. Maƙwabcina ya zuba garin cikin ƙasa ya cika ledoji, ya shuka, ya ba da ruwa da yamma. Da safe muka tarar ƙasa ta yi tozo ta zubo waje, wasu ledojin sun yage, iri ya watse a tsakar gida kaji suna ta biki. Ni jiƙawa nake yi tukun, in sa jel gwangwani 1 a ƙasa gwangwani 5, kuma a rabin ƙasa na ledar, don rana tana lalata wanda ya fito fili.

Mai Dankali, Jos

Nawa irin gorar Moso ne, ta ƙasar Sin, wadda ake yi wa talla da cewa tana tsawo kana kallo. Kusan kashi ɗaya cikin uku ya fito a kan jel. A nan Jos tana nan da ranta, ko da yake tafiyar hawainiya take yi. Na raba wa yayata da ke Sakkwato, zafin watan Afrilu ya ƙone nata ƙurmus duk da tana inuwa. Gorar wurin sanyi ce, jel ba zai canja mata hali ba. Kuma ba ta zama dunƙule wuri ɗaya, saiwarta yawo take yi a ƙarƙashin ƙasa, kada a sa ta kusa da katangar maƙwabci.

Masu sayar da irin gora shuɗiya ko shunayya a hoto kuma, wani abokina ya saya, ciyawa ce ta fito.

Amaryar Zango, Kumasi

Ni fa ban gane ba. Tawa gorar tana cikin ƙwallayen jel a kan tebur tun bara, ba ƙasa ba taki, kuma kore shar take.

Malamin Kimiyya, Katsina

Amarya, in mai kara mai laushi ce da ake lanƙwasawa a ɗaure da jan zare, ba gora ba ce, kama ce kawai. Sunanta Dracaena sanderiana, asalinta ma daga tsakiyar Afirka ne, wajajen Kamaru. Ita tana iya zama a ruwa zalla. Gora ta gaskiya dangin ciyawa ce, 'yar'uwar gero da shinkafa, ba za ta daɗe a haka ba.

Baƙon Damazin, Sudan

Ina ga kun tsaya a kan jel kun bar babban abu, wato shekarun irin. A tsaunukan da ke tsakaninmu da Habasha gora ce birjik, irin ta dajin da Baba ya ambata, masana na ce mata Oxytenanthera abyssinica. Takan shafe shekaru masu yawa ba ta yi fure ba. Ran da ta tashi, kurmi guda ne zai yi fure tare, ya zubar da iri, sannan ya bushe gaba ɗaya. Ina saurayi na ga haka sau ɗaya. Ƙasa ta rufe da iri, ɓeraye da tsuntsaye suka yi ta wadaƙa.

Kawuna ya tara a buhu. Wanda ya shuka a daminar farko, a ƙasa zalla bayan gida, kusan duka ya fito. Ragowar da ya ajiye a ɗaki sai wata shekara, in ka cire 'yan tsiraru, ko motsi bai yi ba. Irin gora watanni kaɗan yake yi a ɗakin zafi ya mutu. Don haka Hajiya ta Kano, ba mamaki naki ya mutu tun kafin ya iso, mataccen iri kuwa shi fumfuna ta fi saurin kamawa. Duk mai sayarwar da ya kasa gaya maka watan da aka tsinci irin, ka riƙe kuɗinka. In ka samu sabo kuma ba yanzu za ka shuka ba, ka busar da shi, ka rufe a kwalba, ka sa a firji, in ana samun wuta a unguwarku ke nan.

Malamin Kimiyya, Katsina

Zancen ɓera ba wasa ba ne. A jihar Mizoram ta Indiya akwai gorar da ke fure duk bayan kimanin shekara 48. Ɓeraye su ƙoshi da irin su hayayyafa, in ya ƙare su faɗa gonaki da rumbuna. Na 1959 ya jawo yunwa mai tsanani, ya kuma sake zagayowa wajajen 2006. Ko robar da ke kan taga a rufe ta da dare.

Maigandu, Zariya

Na gode ƙwarai. Na bi shawarar Malam, masu ganye biyu na mai da su leda, ƙasar lambu da yashi da ruɓaɓɓen taki. Da cokali na riƙa ɗebo su, don saiwar ta ratsa cikin gutsattsarin jel, in ka ja sai ta tsinke. Na bar wanda ya manne a jiki na dasa da shi. 'Yan kaɗan da na bari a robar don gwaji, ganyensu ya fara rawaya daga baki, sun kuma tsaya cak. Baba, zuwa yaushe zan kai su bakin kwari?

Baban Lambu, Kafanchan

Ba bana ba, ɗana. Bar su a leda su yi 'ya'ya, kowace ta fitar da kara uku ko huɗu, ka kai su farkon damina mai zuwa. Kada ka ga siraran kara ka karaya. Karan gora da kaurin da ya fito daga ƙasa da shi yake mutuwa, ba ya ƙara ƙiba. Na baɗi ne zai fi na bana, na bayansa ya fi shi. Kafin ka sari sandar da za ta yi rufi ka ba ta shekara 4 ko 5, wani lokaci fiye. Ka tanadi ƙaya tun yanzu, akuya ba ta raga wa ganyen gora, rani kuma ka share ciyawar kewaye saboda gobara.

Uwar Biyu, Kano

To ni ƙwallayen nan suna nan cikin bokiti a saman kabad. In juye su a kwata?

Ɗan Maraɗi

A'a Hajiya, za su toshe miki bututu. Ki watsa musu gishiri su saki ruwan, ki tace, ki ƙulle abin da ya rage a leda ki sa a shara. Ruwan gishirin kuma kada ya je gindin shuka.