Na sayi mota ta hannu a wajen dila, kwana tara inji ya fara zafi: mene ne haƙƙina?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Na sayi mota ta hannu a wajen dila, ya ce lafiyarta ƙalau. Yau kwana tara, inji yana zafi, ruwan lagireto yana raguwa, da safe farin hayaƙi yake fita ta salansa. Na koma masa ya ce ai an rubuta a rasit cewa na saya a yadda na gani. Shin ina da ikon mayar masa da ita, ko sai dai in yi haƙuri?

Bakanike:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kafin maganar haƙƙi, ka ajiye motar nan, kada ka ƙara tuƙa ta. Alamun da ka faɗa sun fi kama da gaskit ɗin kan inji (shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan inji da jikinsa) ya ƙone. Buɗe murfin baƙin mai ka duba: idan ka ga wani abu fari-fari mai kauri a jikinsa, ruwa ya haɗu da mai. In ka ci gaba da hawa, kan injin zai lanƙwashe, dila kuma ya samu bakin cewa kai ka lalata.

Nemi bakaniken da ba shi da alaƙa da dilan ya duba, amma kada ya kwance ko noti ɗaya. Ya gwada ko lagireto na riƙe iska, ya yi gwajin da ke nuna hayaƙin inji a cikin ruwa, sannan ya jona na'urar OBD, wato mai karanta bayanan matsala daga kwamfutar mota. Akwai wani abu a na'urar da mutane ke tsallakewa: tana nuna kilomita nawa aka yi tun ranar da aka goge bayanan matsala. Idan adadin ya zo daidai da tafiyar da ka yi tun da ka karɓi mota, ke nan an goge su dab da sayarwa. Cire batir ma yana jawo haka, saboda haka ba hujja ce mai yanke magana ba, amma tana da nauyi. Ya rubuta maka rahoto da kwanan wata da lambar jikin mota mai harafi da lamba 17.

Masanin dokar ciniki:
Malam, amsar ta dogara da ƙasar da aka yi cinikin. A Birtaniya, dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar da mota mai aibi a ba ka kuɗinka cif, kuma rubutun "a yadda ka gani" ba ya cire wa ɗan kasuwa alhaki. Sai dai a cikin kwanakin nan kai ne za ka nuna cewa aibin yana nan tun ranar saye, shi ya sa rahoton bakanike yake da muhimmanci. Bayan kwana 30, dila yana da damar gyara sau ɗaya. Idan bai yi ba, ka mayar ko a rage maka kuɗi, amma zai iya cire wani abu na amfanin da ka yi. A wannan matakin, in dai cikin wata shida na farko ne, doka tana ɗauka aibin tsoho ne sai in dilan ya tabbatar da akasin haka.

A Tarayyar Turai garantin doka shekara 2 ne, wasu ƙasashen sun yarda a rage shi zuwa 1 a kayan hannu. Amurka ce ta bambanta: a jihohi da dama wancan rubutun yana aiki, in dai an yi masa alama a takardar da doka ta tilasta a manna a jikin motar. Ko a can ɗin, ƙarya ko juya mitar kilomita laifi ne.

Ka rubuta wa dilan yau, kada ka tsaya a waya. Faɗi ranar saye, aibin, da abu ɗaya tak da kake nema, ka sa masa wa'adi, misali kwana 14. Adana hoton tallan motar da duk saƙonninku. In ya yi shiru, sai hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasarku ko kotun ƙananan ƙararraki.

Wata mai sharhi:
Ƙarin bayani kaɗan. Ba kowace matsala ce aibi ba. Taya, birki, batir da kuloci suna cinyewa, kuma ana auna mota da shekarunta, tafiyarta da farashinta. Gaskit a kwana tara kuwa ba ya cikin wannan sahu.

In kuma ka amince ya gyara, ya sa hannu a takarda cewa amincewarka ba ta soke damar mayarwa ba, a rubuta kilomitar da ke mita ranar da ka miƙa makulli. Idan ta hanyar kamfanin lamuni ka saya, su ma ka sanar da su a rubuce, kuma kada ka daina biya sai sun amsa maka.