Kamfani ya turo fom ɗin hayaƙi, in cike ko in ƙyale?

Mai sayen riɗi, Gagarawa:
Assalamu alaikum ƴan uwa, dan Allah shawara nake nema. Ina tara riɗi da zoɓo daga hannun manoma nan yankinmu da Maigatari, in kai Dawanau wajen wani kamfani mai fitarwa waje. To bana sai suka haɗo ni da wani fom mai tsawo wai in rubuta lita nawa na dizal motocina suka sha, buhu nawa na takin zamani manoma suka zuba, ko suna ƙona kara in sunzo sharar gona, har kilomita nawa kaya ke tafiya. Wai masu saye a Turai ne ke son sanin yawan iskar kabon da kayan suka fitar. Ni tsorona kar haraji ne ake shirya mana ta bayan gida, kuma manoman nan ba mai rubuta komai, ya zanyi?

Malamin gona, Gumel:
Wa'alaikumussalam Alhaji, kwantar da hankalinka wannan ba na hukumar haraji bane. Manyan kamfanoni suna lissafa hayaƙinsu kashi 3: na injinansu da motocinsu, na wutar lantarkin da suke saya, sai na 3 wanda ya fito daga duk wanda suke sayen kaya a hannunsa tun daga gona. Kai kana cikin na ukun nan, kuma a harkar abinci shine yafi yawa, shi yasa suka biyo ka har ƙauye. Lissafin ma ba wahala, lita 1 ta dizal tana fitar da kusan kilo 2.7 na kabon, fetur kusan 2.3, kaga lita 100 ta dizal kilo 270 kenan. Amma ba kai zaka buga ba, kai dai basu lita. Yuriya kuma in ta shiga ƙasa tana fitar da wata iska da tafi kabon ɗumama duniya nesa ba kusa ba, dalilin tambayar taki kenan.

Direban tirela, Ringim:
Mu da ko wutar kirki bamu da ita mu za'a tambaya hayaƙi? Su da suka cika sama da hayaƙin masana'antu su fara gyara nasu mana.

Malamin gona, Gumel:
Maganarka gaskiya ce Oga direba, kason Afirka gaba ɗaya bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Amma mai kuɗi shi ke da ciniki. Kuma Najeriya ma ta sa hannu a dokar sauyin yanayi a 2021, ta ɗau alkawarin zuwa shekarar 2060 hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda ake zuƙewa daga iska ba, abin ba komawa baya zaiyi ba.

Shugabar ƙungiyar mata masu zoɓo:
Alhaji abu ɗaya zan roƙe ka, kar ka zauna a shago ka ƙirƙiro lambobi dan ka rabu dasu, in bana kace buhu 40 baɗi kace 90 kuma gonakin basu ƙaru ba zasu gane, amana ta tafi. Mu littafi mai bangon kwali muka saya, duk wadda ta kawo kaya yarinyar dake auna mana sai ta tambaye ta taki kwano nawa ta zuba, na gida ne ko na zamani, ta rubuta gefen sunanta. Wurin da baka sani ba ka rubuta ƙiyasi ne. Rasit ɗin gidan mai kuma ka riƙa ɗaukar hotonsa a waya nan take, tawadar gogewa take.

Mai noman rani, Haɗejia:
Ka tambaye su me zasu ƙara maka tukunna, aiki ne fa suka ɗora maka. Ko ƙari a kan buhu ko su taimaka wa manomanka da famfon sola, tunda aka cire tallafin mai a 2023 ban ruwa da fetur ya gagari mutane. Sannan kar ka bada takardar gonar kowa ko lambar BVN, kuma duk takardar da ta ambaci sayar da kabon (wato cinikin ladan rage hayaƙi) kar asa hannu sai wanda ya iya turanci sosai ya karanta muku.

Mai sayen riɗi, Gagarawa:
Nagode Allah ya saka da alheri. Malam to motar haya da nake haɗa kaya da wasu mutum biyu fa, man duka zan rubuta ko nawa kason?

Malamin gona, Gumel:
Kasonka kawai Alhaji, ku raba da yawan buhu. In buhu 300 ta ɗauko naka 100 ne, kashi 1 cikin 3 na man zaka sa.