Wa ya karanta binciken rufe boda?

Malam Nura: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau raina a ɓace yake. Shekara biyu na kwashe ina binciken digiri na biyu kan rufe iyakokin ƙasa da gwamnatin Buhari ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da yadda ya taɓa kasuwar shinkafa. Na kwana a Illela, na kwana a Maigatari, na zauna da manoma da dillalai da 'yan sumoga. Na kai kwafi wani ofishi a Abuja, yau na koma na tarar da shi inda na ajiye, an mayar da shi abin ɗora kofin shayi, har shatin kofin ya fito a bangon. A ƙasar nan sai a kafa doka ba a tambayi masu bincike ba, a janye ta ma ba a tambaye su ba.

Ɗan Jibiya: Malam, su wa kake kira 'yan sumoga?

Malam Nura: Masu shigo da kaya ta ɓarauniyar hanya mana. Haka ake ce musu.

Ɗan Jibiya: Haka ku kuke ce musu. Kakana yana kai gero Maraɗi tun kafin a san kwastam. Mai ɗauko buhu biyu a babur don ya ci da iyalinsa shi ne ɗan sumoga, mai tirela goma kuma Alhaji? A Nuwamban 2019 aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Mu muka koma sayen na galan. Wannan yana cikin littafin naka?

Malam Nura: Yana babi na huɗu.

Hajiya Rabi: Kai ɗana, a daina ɓoye-ɓoye. Shinkafar Tailan da Indiya a Kwatano ake sauke ta, ta ratso Nijar ta faɗo mana. Idan wannan ba fasa-ƙwauri ba ne, to mene ne sunansa? Aikin Hajji?

Issoufou Maradi: Hajiya, da girmanki. Me ya kawo Nijar cikin zancen? Mu kaya ya biya haƙƙinsa ya wuce. Idan ya shiga wajenku ta daji, ku tambayi masu tsaron dajinku.

Ɗan Jibiya: Allah ya biya ka, ɗan'uwa.

Sani Argungu: Duk ku bar wannan. Mu manoman Kabi mun ga amfanin abin. Tun 2015 da Baba Buhari ya zo Birnin Kabi ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki, shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ta yi daraja, injinan casa suka cika gari. Wanda bai taɓa shiga fadama ba ba zai gane ba.

Hajiya Rabi: Ku kun gani, mu masu tukunya mun ji a jikinmu. Dalar shinkafar da aka gina a Abuja a 2022, kwano nawa ya iso gidanka?

Sani Argungu: Hajiya, ke dai dama can ba kya son Baba.

Hajiya Rabi: Sau huɗu na bi layi saboda shi, yaro. Kada ka ja ni.

Dakta Bello: A yi haƙuri. Nura, gyara ɗaya: ba doka ba ce, umarni ne na ɓangaren zartarwa, majalisa ba ta zauna a kai ba. Kuma tsakiyar lokacin korona ta shigo a 2020. Ta yaya ka raba tsadar da boda ta jawo da wadda kulle ya jawo?

Malam Nura: Ranka ya daɗe, na yi bayani a babi na uku. Zan turo.

Sani Argungu: Dakta, ku malaman jami'a da kuka yi wata tara kuna yajin aiki a shekarar, yaushe kuka samu lokacin bincike?

Dakta Bello: Da an biya mu haƙƙinmu da ba mu tafi ba. Kuma yajin aiki ba ya hana karatu.

Sani Argungu: Ya hana 'yata.

Ɗan Jibiya: Ni dai har yanzu ba a janye kalmar ba.

Malam Nura: Wai akwai wanda zai karanta idan na turo? Shafi tara ne kawai taƙaitawar.

Issoufou Maradi: In da Hausa ne.

Hajiya Rabi (shugabar zaure): To, dare ya yi, zan rufe. Abin da aka cimma: kowa ya yarda rufe boda talaka ya cuta, kuma fasa-ƙwauri sunansa fasa-ƙwauri. Sani bai kawo hujja ko ɗaya ba. Nura, Allah ya sa albarka a karatu.

Sani Argungu: Yaushe aka yarda?