Me ya sa maganin ciwon firgita yake ƙara tsoro a makon farko?

Ɗalibar Jinya:
Assalamu alaikum. Tambayata ga likitocinmu ce. Masu ciwon firgita, wanda haka kawai gaban mutum zai yanke ya faɗi, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe har ya ɗauka mutuwa ce ta zo, ana ba su maganin sertraline don ya ƙara serotonin, wani sinadari da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da shi. To in ƙarancin serotonin ne ciwon, me ya sa wasu ke cewa abin ya ƙaru da suka fara sha? Kuma akwai gwajin jinin da ke nuna ƙarancin?

Likitan Ƙwaƙwalwa:
Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Babu wannan gwajin. Kusan kashi 90 cikin 100 na serotonin ɗin jiki a hanji yake, wanda aka auna a jini ba ya nuna halin da ƙwaƙwalwa ke ciki. Maganar "ƙaranci" ma sauƙaƙa bayani ne kawai.

Jijiyoyin da ke samar da serotonin ɗin ƙwaƙwalwa suna gindinta, wurin da ake kira raphe. Sertraline da 'yan uwansa suna hana jijiya sake zuƙe serotonin ɗin da ta saki, kuma cikin awoyi suke fara hakan. Sai dai jijiyar tana da birkinta, wani ma'aji saƙo a jikinta da ake kira 5-HT1A: da ta ji serotonin ya taru a kusa da ita, sai ta rage aikawa. Birkin nan ba ya saki sai bayan mako 2 zuwa 4.

Ga kuma bayanin masu bincike Deakin da Graeff na 1991: serotonin yana danne firgita ta farat ɗaya a tsakiyar ƙwaƙwalwa, amma a amygdala, sashen ƙwaƙwalwa mai lura da tsoro, yana iya ƙara fargabar abin da bai zo ba. Mai wannan ciwo kuwa kullum kunnensa na kan jikinsa. 'Yar rawar hannu, tashin zuciya ko rashin barcin da maganin ke kawowa a kwanakin farko, sai ya ce ga firgitar nan ta dawo. Shi ya sa muke farawa da kaɗan: sertraline 25 mg na mako 1, sannan 50 mg, ana ƙarawa a hankali in da buƙata, iyakarsa 200 mg. 'Yan uwansa kuwa, escitalopram daga 5 mg, paroxetine ko fluoxetine daga 10 mg. Sauƙi yakan bayyana a mako 4 zuwa 6, wani sai 12. A gaya wa marar lafiya wannan tun ranar farko, in ba haka ba kwana uku zai ajiye maganin.

Mai Haɗa Magunguna:
Likita ya gama magana, sai dai in ƙara da tramadol. Shi ma yana ƙara serotonin, haɗa shi da waɗannan magunguna na iya jawo zazzaɓi, gumi, fizgar tsoka, ruɗewa har da farfaɗiya. Wannan na gaggawa ne, asibiti za a nufa. A tambayi kowa ko yana sha, cikin sirri, ba a gaban iyayensa ba. Diclofenac da ibuprofen kuma suna ƙara haɗarin zubar jini a ciki.

Kada a yanke shan sertraline da 'yan uwansa lokaci guda. Jiri da jin kamar lantarki na jan kai suna biyo baya, paroxetine ya fi kowanne wannan. Bayan an samu sauƙi a ci gaba aƙalla wata 6, da yawa shekara guda, sannan likita ya rage a hankali. Diazepam da Lexotan da ake saya a kemis suna kwantar da hankali nan take, amma jiki na sabawa da su, barinsu ya zama wani ciwon.

Malamar Halayyar Ɗan Adam:
Kafin a ce firgita ce, a duba tayirod (ƙullin da ke gaban wuya), sukarin jini da zuciya, a tambayi yawan goro, shayi da lemon ƙara kuzari. 'Yan ƙasa da shekara 25 a sa musu ido a makonnin farko saboda tunanin kashe kai, mai ciki kuma ta sanar da likita kafin ta fara.

Ƙwaya kaɗai ba ta koya wa mutum daina tsoron bugun zuciyarsa. A zaman CBT, wato jinyar gyaran tunani da ɗabi'a ta hanyar tattaunawa, da gangan muke sa shi ya hau bene da gudu ko ya yi numfashi da sauri na minti 1, ya ji alamun, ya zauna har su lafa da kansu. Wanda ya koyi wannan, ciwon bai cika dawo masa ba bayan ya bar magani.