Katakon odum ya ƙi feruwa

Salamu alaikum, iyayenmu kafintoci na Kumasi. Sabon shiga ne ni, ina ɗan taɓa aikin katako a gida a Aboabo, ba inji, sai zarto da abin fere katako na hannu. Katakon wawa ba ya ba ni wahala, laushi gare shi. Amma odum ɗin da na sayo a Sokoban don benci ya gagare ni. In na tura, sai ya ɓantale ya bar ramuka. In na juya katakon, wani gefen ya yage. Ruwan ƙarfen kuma nan da nan ya dakushe, ko yanzu na wasa shi. Wasawar tawa ce, ko halin odum ne? Samfefa kaɗai za ta cinye ramukan? Don Allah a taimaka.